Ayarin Robot: Yadda Ake Raba Musu Aiki da Hanya

Ranar da na fara sakin robot shida lokaci guda a tsakar ɗakin gwajinmu, ba su cika minti biyu ba suka yi cirko-cirko. Biyu sun yi kiciɓis a wani siririn lungu tsakanin kwalaye, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya kauce. Na uku ya zo ya tsaya a bayan ɗaya, na huɗu ya toshe bakin lungun ta can ɓangaren, sauran biyun kuwa sai zagaye suke yi suna neman hanyar da babu ita. Ba wanda ya lalace a cikinsu. Kowanne, in ka sake shi shi kaɗai, zai je ya dawo ko kwali bai taɓa ba. Wani ɗalibina ya daɗe yana kallonsu, can ya ce, "Malam, waɗannan fa sai an samo musu mai ba da hannu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ginin wannan mai ba da hannun ne zan bayyana. Ni madugu nake ce masa, tunda ayari yake ja. Manhaja ce a kwamfuta guda, tambaya biyu take amsawa ba dare ba rana: wa zai yi wane aiki, sannan wa zai bi ta ina a wane lokaci. Da yawa sukan ɗauka ta farkon ce mai wuya. Ni dai ta biyun ce ta hana ni barci.

Maganar suna kuma, a rediyo "mutum-mutumi" ake cewa, amma namu ba su ko kama hanyar kama da mutum ba, faranti ne mai ƙafafun taya biyu da batir a ka. Saboda haka robot zan riƙa cewa, ɗaya ne ko goma. Jam'in "robobi" na bar wa masu sayar da bokiti.

Inda wannan sana'a ta yi ƙarfi shi ne manyan rumbunan ajiya na kamfanonin da ke sayar da kaya ta intanet. A 2003 Mick Mountz ya kafa Kiva Systems a Amurka da tunani mai sauƙi: maimakon ma'aikaci ya wuni yana zirga-zirga tsakanin kantoci, robot ya shiga ƙarƙashin kanta, ya ɗago ta, ya kawo masa har inda yake tsaye. Amazon ta sayi kamfanin a 2012 kan dala miliyan 775, a 2025 kuma ta sanar cewa robot ɗinta sun kai miliyan ɗaya. Abin lura a tsarin Kiva shi ne daɓen. An manna sitika masu alama a ƙasa, a jere, tazara iri ɗaya, robot yana karanta su da kyamarar da ke cikinsa tana kallon ƙasa, ya san gidan da yake. Wurin suka fara gyarawa kafin su nemi wayon lissafi. Kai ma daga nan za ka fara.

Mayar da daɓen gidajen dara

Ka zana filinka gida-gida kamar na dara. Ɗakinmu tayil ne, sai muka huta: tayil huɗu gida ɗaya, layuka daga A zuwa H, lambobi daga 1 zuwa 12. Girman gida shi ne wanda robot zai juya a cikinsa, ɗauke da kayansa, gefensa bai leƙa gidan maƙwabci ba. Da kaya a kai za ka auna, don sau da yawa kayan sun fi mai ɗaukarsu faɗi. Mu kyamara muka rataya a silin, muka manna wa kowane robot alamar AprilTag, ɗan zane mai baƙi da fari da kyamara ke ganewa, a gadon baya, madugu yana ganin kowa daga sama, yana aika musu umarni ta Wi-Fi zuwa ƙaramar kwamfuta ESP32 da ke jikinsu.

Sai ka yi wa gidajen rajista: waɗanda suke toshe, na ɗaukar kaya, na saukewa, na caji. Akwai rukuni ɗaya da kusan kowa ke mantawa, wato gidajen zama, inda robot marar aiki zai je ya rakuɓe. Kowane robot ya sami nasa, kada kuma ko ɗaya ya faɗo a kan hanyar wucewa. Wanda ya gama aiki ya tsaya nan inda ya sauke kaya ya zama dutse a tsakiyar titi, kuma rabin cunkoson da na taɓa gani daga nan ya faro.

Wa zai ɗauki wanne

Ba a rabon aiki sai an san kuɗinsa. Kuɗin aiki a nan shi ne daƙiƙa nawa zai ci wa wannan robot, daga inda yake yanzu har ya kai kayan. Da daƙiƙa za ka auna, ba da mita ba, kuma ta hanyar da ƙafa za ta bi, ba tafiyar tsuntsu ba. Kwali yana iya kasancewa taku biyu daga robot amma bango ya raba su. Juyawa ma tana da kuɗi: namu sai sun tsaya cik kafin su juya, don haka hanya mai kwana biyar takan fi doguwa miƙaƙƙiya tsada.

Ga robot uku, da launin salatif ɗin da muka naɗa musu muke kiransu, ga kuma aiki uku. Lambobin daƙiƙoƙi ne, na aiki na 1, na 2 da na 3 bi da bi:

Ja: 10, 12, 30
Kore: 14, 40, 35
Fari: 38, 33, 20

Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ba kowa mafi kusa da shi. Lamba mafi ƙanƙanta 10 ce, Ja ya ɗauki na 1. Mai bi mata cikin abin da ya rage 20 ce, Fari ya ɗauki na 3. Kore ya tashi da na 2 a kan 40. Jimilla 70, kuma sai bayan daƙiƙa 40 za a gama. Yanzu ka roƙi Ja ya yi haƙuri da ƙarin daƙiƙa biyu kacal, ya ɗauki na 2 a kan 12. Kore ya sami na 1 a kan 14, Fari yana nan da 20 ɗinsa. Jimilla ta sauko 46, kowa ya gama cikin daƙiƙa 20. Kwaɗayin Ja na daƙiƙa biyu ya jawo wa Kore asarar 26.

Da uku, rabo shida ne kawai ke yiwuwa, za ka iya gwada su a bayan ambulan. Da goma, rabon ya kai 3,628,800. Da ashirin, adadin yana da lamba 19 a jere. Ba a bi ta nan. Harold Kuhn ya wallafa mafita a 1955, ya sa mata suna dabarar Hungari don girmama masana lissafi biyu na ƙasar, Dénes Kőnig da Jenő Egerváry, waɗanda a kan aikinsu ya gina ta. Tana samo rabo mafi arha ba tare da ta gwada duka ba, robot ɗari da aiki ɗari ba sa ɗaukar ta ƙiftawar ido. Kada ka wahalar da kanka wajen rubuta ta. In da harshen kwamfuta na Python kake aiki, kundin lissafinsa SciPy yana da linear_sum_assignment: ka miƙa mata jadawalin kuɗi, ta miƙo maka rabo, ko da yawan robot da na aiki ba su zo ɗaya ba.

Amma ka tsaya ka tambayi kanka me kake son ragewa. Jimilla mafi ƙanƙanta tana adana batir da ƙafafu. In kuwa mota ce a bakin ƙofa ba za ta tashi ba sai kwalin ƙarshe ya shiga, to lokacin wanda ya fi kowa jinkiri ne damuwarka. A misalinmu an yi sa'a rabo ɗaya ya biya buƙatun biyu. Ba kullum ake samun haka ba.

Jadawalin can ya ɗauka cewa duk ayyukan suna gabanka a shimfiɗe. A zahiri ɗiɗɗigowa suke yi, ɗaya yanzu, uku an jima. Abin da nake yi shi ne in tara su na 'yan daƙiƙoƙi, in raba, in sake tarawa. A nan abubuwa biyu suka cije ni. Na farko, in kana sake rabo a kai a kai, za ka ga robot ya kama hanya, an sauya masa aiki ya juyo, an sake sauyawa ya koma, kamar yaron da iyaye biyu ke aika lokaci ɗaya. Maganinsa doka ce: ba a ƙwace aiki daga hannun wanda ya riga ya tashi sai ribar ta wuce wani adadi da ka yanka, in kuma ya ɗauki kaya an rufe magana. Na biyu, aikin da ke can ƙuryar ɗaki kullum shi ne mai tsada, kullum ana samun wanda ya fi shi arha, sai ya wuni ba wanda ya waiwaye shi. Ka riƙa rage masa kuɗi gwargwadon jiran da ya yi, ko ka ce duk aikin da ya wuce minti kaza yana jira shi ne a gaban layi.

Akwai wata hanyar rabon da ta fi kwanta mini a rai, ƙila don a gidan 'yan kasuwa na tashi. Gwanjo ce. Madugu ya ɗaga aiki ya yi shela, kowane robot ya lissafa ya yi tayi, a sallama wa mai tayi mafi arha. Reid Smith ya tsara irin wannan ciniki tsakanin kwamfutoci tun 1980 da sunan Contract Net. Sirrin yana cikin abin da ake tayawa: ƙarin da sabon aikin zai yi a kan abin da ke hannunka, ba kuɗinsa shi kaɗai ba. A ce Kore yana da zagayen daƙiƙa 50, sabon kwalin kuma a kan hanyarsa yake, zagayen zai koma 58. Tayinsa 8 ne. Fari yana zaune ba aiki, amma daga nesa, tayinsa 25. Kore ya ci, Fari ya ci gaba da hutawa, titi ya ragu da mota ɗaya. Gwanjo ba ta ba da tabbacin rabo mafi kyau, amma tana jure sabon robot ya shigo ko wani ya fita, tana kuma barin kowa ya sa batirinsa da ƙarfin ɗaukarsa cikin lissafi. In babu madugu sam, kamar jirage marasa matuƙi da suka yi nisa da tasha, akwai dabarar gwanjo mai suna CBBA da Choi, Brunet da How na jami'ar MIT suka fitar a 2009, inda kowa ke gaya wa maƙwabcinsa tayinsa har baki ya zo ɗaya. A cikin ɗaki mai rufi ban ga dalilin wannan wahala ba. Madugu ɗaya ya isa.

Hanya, da lokacin bin ta

Nemo wa robot ɗaya hanya tsohon zance ne. Dabarar A*, ana karanta ta "e-sta", Peter Hart, Nils Nilsson da Bertram Raphael suka fitar da ita a 1968 a cibiyar bincike ta Stanford, cikin aikin wani robot mai suna Shakey. Tana leƙa gidaje ɗaya bayan ɗaya, tana fifita wanda tafiyar da aka yi zuwa gare shi, haɗe da ƙiyasin abin da ya rage, ta fi ƙanƙanta. A kan gidajen dara ƙiyasin mai sauƙi ne: gida nawa a tsaye, gida nawa a kwance. Sharaɗinsa ɗaya, kada ya taɓa zarce gaskiya.

Kuskurena na ranar farko shi ne na ba kowanne A* ɗinsa, na ce in ya ga wani a gabansa ya tsaya. Shida duka suka zaɓi lungun nan, tunda shi ne mafi kusa, suka tsaya kamar yadda na umarce su.

Gyaran shi ne a shigar da lokaci cikin taswira. Madugu ya buɗe littafin kamu, kowane layi a ciki gida ne da taku, wato lokacin matsawa gida ɗaya: C4 a taku na 7 na Ja ne. Ja ya zana hanyarsa tukuna, a rubuta masa duk gidajen da zai taka da lokutansu. Kore ya zo zana tasa, A* ɗinsa ta ɗauki C4 a matsayin bango a taku na 7 kaɗai, a na 8 kuwa a buɗe yake. Sai ka ƙara wa kowa motsi na biyar bayan gaba, baya, dama da hagu: tsayawa a wuri ɗaya na taku guda. Yanzu Kore yana da zaɓi, ya jira a C3 ko ya zagaya ta layin D, lissafi zai nuna masa wanda ya fi arha. David Silver ya bayyana wannan tsari a 2005 saboda wasannin kwamfuta, shekaru kafin a san shi da AlphaGo, manhajar da ta doke gwanayen wasan Go.

Karo iri-iri ne, littafin kuma dole ya san su duka. Biyu a gida ɗaya a taku ɗaya, wannan kowa na ganinsa. Wanda ke ɓuya shi ne musaya: Ja yana C4 zai koma C5, Kore yana C5 zai koma C4, a taku guda. A littafi ba su taɓa haɗuwa a gida ɗaya ba, a ƙasa kuwa goshi da goshi ne. Saboda haka ka kama ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu ma, ba gidajen kaɗai ba. Akwai kuma bin sawu, wani ya shiga gida daidai lokacin da mai shi ke fita. A takarda halal ne. Da robot na gaske ni haramta shi nake yi, in bar taku ɗaya fanko a tsakani. Kada ka manta da ƙarshen tafiya: wanda ya isa ya tsaya, gidan nasa ne har sai an ba shi sabuwar hanya. Wannan ba wasan yara ba ne in na'urorin sun girma. A watan Yulin 2021 gobara ta tashi a rumbun Ocado, kamfanin sayar da kayan abinci ta intanet, da ke Erith a kudu maso gabashin Landan, kamfanin kuma ya ce karon robot uku ne ya haddasa ta.

To wa zai fara zana hanya? Nawa tsarin: mai kaya a ka yana gaban wanda ba ya ɗauke da komai, mai batirin da ya kusa ƙarewa yana gaban kowa, in an yi kunnen doki a ba mai doguwar tafiya. Amma ka san lagon wannan dabara tun yanzu. Wanda ya fara zaɓa ba ya tunanin na baya. Yana iya ratsa lungu ya rutsa wani a ciki ba wurin kaucewa, lissafi ya dawo ya ce babu hanya, alhali da babban ya jira taku biyu da kowa ya wuce. In haka ta faru, ka sauya jerin fifikon ka sake gwadawa. Sau da yawa gwaji na biyu ko na uku ya wadatar.

Mai son mafita mafi kyau, ba mai isa kawai ba, sai ya nemi dabarar CBS, mai bin karo ɗaya bayan ɗaya, wadda Guni Sharon, Roni Stern, Ariel Felner da Nathan Sturtevant suka gabatar a 2012. Tunaninta yana burge ni. Kowa ya zana hanyarsa kamar shi kaɗai ne a duniya. A duba karo na farko, a ce Ja da Kore a C4 a taku na 7. Sai a raba shari'ar biyu: a reshe ɗaya an hana Ja gidan a wannan lokaci, a ɗayan an hana Kore. A sake zana wa wanda aka hana, a bi reshen da ya fi arha, a nemi karo na gaba, haka har a rasa karo. A fili mai yalwa tana da sauri. A matsatsi rassan ninkuwa suke yi har kwamfuta ta gaji, kuma ba laifin mai rubutu ba ne, masana sun tabbatar cewa nemo mafi kyawun hanyoyi ga taron robot yana cikin matsalolin lissafi masu tsananin wuya. Shi ya sa masu manyan ayari ba sa warware tafiya har ƙarshenta. Sukan share karo na taku goma ko ashirin masu zuwa, a yi tafiya kaɗan, a sake lissafi. Karon da aka hango a taku na 60 wataƙila ba zai zo ba, tunda kafin nan ayyuka sun sauya.

Zan faɗi abin da ɗalibai ba sa son ji. Bayan makonni muna fama da waɗannan dabaru, abin da ya fi komai rage mana cunkoso alli ne. Wata ɗaliba ta durƙusa ta zana kibiya a ƙasa, ta ce, "Malam, me zai hana wannan lungun ya zama wanwe, wancan kuma na dawowa?" Muka rubuta haka a taswira. Tafiyar kowa ta ɗan ƙaru, kiciɓis ya ɓace gaba ɗaya. Inda lungu ɗaya ne tak babu na dawowa, ka ɗauke shi duka a matsayin gida guda mai mukulli ɗaya: wanda ya shiga ya riƙe, na waje su jira a gefe, ba a bakin ƙofa ba.

Agogo ba ya riƙe alkawari

Nan ne takarda da ƙasa suke rabuwa. Littafin kamu ya ce Kore zai bar C4 a taku na 7, Ja ya shiga a na 9. Amma lokacin hunturu ne, ƙura ta kwanta a tayil, ƙafar Kore tana sulɓi, batirinsa ya yi sanyi, ya makara da daƙiƙa uku. Ja kuwa agogonsa kawai yake kallo. Haka muka fasa kyamarar gaban ɗaya.

Maganin shi ne ka yi lissafi da lokaci, amma ka zartar da jeri. Bayan an gama zana hanyoyi, ka bi gida-gida ka fitar da wa ke gaban wa. Umarnin Ja ya tashi daga "shiga C4 a taku na 9" ya koma "shiga C4 bayan Kore ya ce ya fita". In Kore ya makara, Ja ya jira, wanda ke bayan Ja ma ya jira, jinkiri ya bi layi amma ba a yi karo ba. Matuƙar tsarin farko ba shi da karo kuma kowa yana motsi, bin jerin ba zai kai su ga cirko-cirko ba. Wolfgang Hönig da abokan aikinsa sun bayyana wannan salo don rumbunan ajiya a 2019. A aikace, madugu ba ya miƙa wa robot hanyarsa duka. Gida biyu ko uku yake sakar masa, sai an tabbatar na gaba ya zama fanko a ƙara masa. Fa'idar wannan ta fito ranar da aka ɗauke wuta, rautar Wi-Fi ta mutu, madugu ya yi shiru: kowanne ya ƙarasa gidajen da ke hannunsa ya tsaya, ba wanda ya taɓa wani. Tun daga ranar rautar da kwamfutar suke kan batir nasu na kansu.

Kowane robot ya riƙa cewa "ina nan" a kai a kai, tare da gidansa da ragowar cajinsa. In aka ji shiru ya wuce ƙa'ida, madugu ya yi abu uku a jere: ya mayar da gidan da aka gan shi na ƙarshe da waɗanda aka sakar masa bango, ya mayar da aikinsa kasuwa in bai ɗauki kaya ba, ya sake zana wa duk wanda hanyarsa ta bi ta nan. Caji kuma aiki ne kamar kowane aiki, da kuɗinsa da layinsa. Kada ka ba robot aikin da cajinsa ba zai kai shi ya dawo da shi wurin caji ba, kada kuma ka bar su duka su ji yunwa lokaci ɗaya alhali soket biyu gare ka. Wanda ba shi da aiki ya je ya ɗan sha, ko bai yi ƙasa ba.

Duk wannan bai ɗauke wa robot nauyin ganin gabansa ba. Littafin kamu bai san da mutumin da ya sunkuya ɗaukar biro ba. Na'urar hango cikas da maɓallin tsayawar gaggawa a jikin robot suke, ba sa neman izinin madugu. Masu manyan motocin ɗaukar kaya marasa direba suna da ƙa'idar ISO 3691-4 a kan wannan, ka karanta ta kafin ka saki wani abu mai nauyi a inda mutane ke aiki.

Kafin ka sayi na bakwai

Ka fara a kwamfuta. Allo mai gidaje da ɗigo masu launi ya isa gwada rabo da littafin kamu, kuma cikin minti ɗaya za ka ga aikin wuni guda. In kana son ganin sulɓi da nauyi, ga Gazebo da Webots, manhajojin kwaikwayon robot a kwamfuta, duka kyauta ne. Wanda ke kan ROS 2, tsarin manhajar gina robot, ya duba Open-RMF, da ta samo asali daga buƙatar asibitocin Singafo na haɗa robot na kamfanoni daban-daban a hawa ɗaya, har da rabon lif da ƙofofi. Masana'antun Jamus kuma suna da VDA 5050, harshen da madugu da motoci ke magana da shi ta MQTT, hanyar aika saƙo tsakanin na'urori. In jerin wurare da yawa robot ɗaya zai zaga, manhajar OR-Tools ta Google tana tsara zagayen.

Abu ɗaya za ka ƙirga: aiki nawa aka gama a awa. Ka gwada da robot biyu, da huɗu, da shida, da goma, ka zana sakamakon. Layin zai hau, ya kwanta, daga baya ya fara gangarowa, domin daga wani adadi kowane sabon robot layi yake tsawaitawa a mahaɗa. A ɗan ɗakinmu mun ga haka da idonmu, akwai shimfiɗar kwalayen da biyar suka fi shida aiki. In ka kai nan, ka duba gidajen da aka fi jira a cikinsu, ka matsar da kanta ɗaya ko ka buɗe lungu na biyu. Kuma ka mayar da wannan jiran cikin kuɗin aiki, don rabon da ya tura huɗu ƙurya ɗaya lokaci guda arharsa a takarda ta tsaya.

Gwajin da nake rufe kowane zango da shi ba ya canzawa. Ana tsakiyar aiki, sai in sa ɗalibi ya tsuguna ya zare batirin wanda ke tsakiyar mahaɗa mafi cunkoso, ba tare da ya gaya wa kowa wanne zai zaɓa ba. Mu koma gefe mu naɗe hannu. Abin da nake jira shi ne na bayansa su tsaya gida ɗaya kafin su kai gare shi, kwalinsa ya koma kasuwa, wani ya taya, sauran su zagaye gawar ta layin D su ci gaba. Rukunin bara sai a gwaji na huɗu suka samu, don a ukun farko sun manta su saki gidajen da mamacin ya kama a gaba, ayarin duka ya tsaya yana jiran ya wuce.